Ni da Kakana da Littafin Tsohon Masunci

A Argungu aka haife ni, a gidan da in ka sa ƙafa a zaure ƙanshin banda ne zai fara tarbar ka. Kakana na wajen uba masunci ne, haka ma ubansa. Mahaifina ya raba ƙafa: da damina yana fadama wajen shinkafa, in ruwa ya ja ya saɓi birgi ya nufi gulbi. Ƙannensa biyu kuwa tun ina ƙarami suka bar ruwa, ɗaya ya tafi Legas yana acaɓa, ɗaya yana fataucin albasa daga Aliero zuwa Kudu. Ni ne jikan farko da aka ce lallai sai ya ga ƙarshen boko. Yaran da nake koyarwa yanzu su suka sa na zauna rubuta wannan. In aka kaɗa ƙararrawar darasin Turanci sai in ga jikinsu ya mutu, kowa ya sunkuyar da kai kada a kira shi. Na san wannan sunkuyon, don na yi kusan shekara goma ina yin sa.

Allah ya ba ni kan hadda. A makarantar allo ba a biya mini aya sau uku. Da wannan kan na shiga firamare, da shi kuma na fita. Malami ya rubuta a allo, ya karanta, mu amsa da ƙarfi, mu kwafa. Ina iya karanta shafi guda na Turanci a bayyane ba tare da tuntuɓe mai yawa ba, amma in ka rufe littafin ka ce in faɗi abin da aka ce, sai dai in zuba maka ido. Da muka shiga sakandare aka ƙara da dokar hana Hausa a aji, wanda aka kama ya biya tarar naira goma ko ya share fili. Na yarda waɗanda suka kafa dokar alheri suke nufi. Amma abin da na gani da idona, ba ta sa mun yi Turanci ba, shiru ta sa muka yi. Yaro yana da tambaya sai ya haɗiye ta, don ba shi da kalmomin yin ta da Turanci, ba shi kuma da naira goma.

Akwai wani abu da sai na faɗe shi labarin zai tsaya da ƙafarsa. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin kakana gulbi. Ni ke riƙe masa jirgi in yana duba mamari da asuba, ni ke kwashe ruwan da ya taru a ciki da ƙoƙo. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare wani yaro ya ɗaga littafina a gaban mutane ya ce ƙarnin kifi yake yi. Aka yi dariya aka wuce wurin, ni ban wuce ba. Daga ranar na fara kawo uzuri, yau akwai aikin gida, gobe akwai jarrabawa. Kaka bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai na riƙa jin sa da asuba yana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, yana neman a ara masa yaro. Ina kwance ina ji, in ja mayafi in rufe kaina.

A 2011 na shiga babbar sakandare, aka sa ni ajin da muke ce wa ajin at, inda ake yin Gwamnati da Hausa da Addinin Musulunci da adabin Turanci. Shekara guda muka yi muna adabi ba mu taɓa riƙe ko ɗaya daga littattafan da hukumar jarrabawa ta WAEC ta zaɓa ba. Wata 'yar siririyar takarda ce ake sayarwa a kasuwa, wadda aka taƙaita kowane littafi a shafi uku ko huɗu, aka jera jigo da sunayen taurari da tambayoyin da aka saba yi. Ita ake karanto mana mu kwafa. Insha'i kuwa guda shida na haddace: wasiƙa ga mahaifi ta neman kuɗin makaranta, wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma kan lalacewar hanya, muhawara kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, labarin wata tafiya zuwa Legas, da wasu biyu. Duk tambayar da aka yi, sai in lanƙwasa ta har ta dace da ɗaya daga cikinsu. Ina kuma samun maki mai kyau. A gida ana cewa yaron nan ya iya Turanci, ni kaɗai na san babu komai a ciki.

Muna aji biyu aka kawo mana wani sabon malami, dattijo daga wajen Gwandu, wanda ya yi tsohuwar kwalejin horon malamai, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. A makonsa na farko ya ce kowa ya rubuta labarin wata tafiya da ya taɓa yi. Na zazzage masa Legas ɗina, da gada da teku da cunkoson motoci. Kashegari ya kira mu mu huɗu zuwa ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan ofishin malamai, ya shimfiɗa takardunmu a kan benci. Labari ɗaya ne, kalma ɗaya, har wurin da aka yi kuskure ɗaya ne. Na jira bulala. Sai ya dube ni ya yi mini magana da Hausa, abin da ban taɓa jin malamin Turanci ya yi a harabar makaranta ba.

"Kai, ina ne iyakar tafiyarka a duniya?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Birnin Kebbi. Sai Kamba sau ɗaya."

"Sana'ar gidanku fa?"

Na yi shiru. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Masunta ne, Malam."

Ya ce, "To kana da gulbi guda a bayan gidanku, ka bar shi ka tafi aron tekun wani. Zanen aro ba ya rufe katara."

Ranar ya bayyana mana yadda ake duba insha'i a WAEC, abin da ba wanda ya taɓa gaya mana. Ana son kalmomi kimanin 450. Maki hamsin ne: goma na abin da ka faɗa, goma na yadda ka tsara shi, ashirin na yadda ka sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar haruffa da aya da waƙafi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci daga wannan goman. Ya ce mai dubawa yana da ɗaruruwan takardu a gabansa, ya ga Legas ɗin nan tamu ta fi a ƙirga, yana karanta layin farko zai gane hadda ce.

Cikin littattafan zube da aka zaɓa wa masu jarrabawa a shekarun 2011 zuwa 2015 akwai The Old Man and the Sea, na Ba'amurke Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1952. Malam yana da kwafi ɗaya nasa na kansa, bangon ya yage an liƙe shi da salatif. Muka yi karo-karo aka ɗauki hoton shafukan, kowane mutum shida suka sami ɗauri ɗaya. Sannan ya ba mu aikin da ya ba kowa mamaki. Ya ce kowa ya karanta shafi uku, ya je gida ya ba wani babba labarin abin da ya karanta da Hausa, ya dawo ya gaya masa abin da babban ya ce. Ya dube ni musamman ya ce, "Kai kuma wurin kakanka za ka kai."

Ban so ba. Shekara uku ina gudun zama da shi mu biyu. Amma bayan sallar isha'i na ɗauki takardun da 'yar fitila mai batir na same shi a zaure yana ɗinkin koma. Na ce, "Kaka, an ba mu aiki a makaranta, wai in ba ka labari." Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗan boko, yau kuma ni ka tunawa? To, bismilla."

Na fara da kame-kame. Na ce wani tsoho ne a wata ƙasa da ake kira Kuba, yana su shi kaɗai a teku, ya yi kwana tamanin da huɗu bai kama kifi ba. Hannun Kaka ya tsaya.

"Kwana nawa kac ce?"

Na maimaita. Ya ajiye komar ya ce wannan ba ƙarya ba ce, shi ma ya ga irin ta. Ya ba ni labarin farin da aka yi zamanin Gowon, wanda daga baya na gane na 1973 ne, yadda gulbi ya tsinke ya koma tafki-tafki, ya yi wata biyu yana dawowa da jirgi wayam, har kunyar haɗa ido da kakata yake ji, daga ƙarshe ya bi ayari zuwa Yauri inda ruwa ya yalwata tun da aka datse Kainji a 1968. Ina jikansa, ina kwana gida ɗaya da shi, ban taɓa jin wannan ba sai da wani littafin Turanci ya tono shi.

Na ci gaba. Na ce akwai wani yaro da ke bin tsohon, amma bayan kwana arba'in ba kamu iyayensa suka cire shi suka mai da shi wani jirgi mai sa'a. Kaka ya yi shiru, sannan ya ce, "Iyayen na da gaskiya." Ya ɗauki komarsa. Can ya ƙara da cewa, "Amma da ciwo."

Daga wannan dare abin ya zama kullum. Kafin mako ya zagayo, dattawa huɗu na unguwa sun fara zuwa da tabarminsu. A nan haddata ta ƙare, don waɗannan mutane ba a yi musu tsallake. Me ya maƙala a ƙugiya? Igiyar gaba nawa ce? Ruwan zurfinsa ya kai ina? Me yake sha, tun da ka ce ruwan gishiri ne? In na ce ban sani ba sai su ce koma ka duba, wanda ya rubuta ba zai bar wannan ba. In koma, in tarar kuwa yana nan, ni ne na bi ta kansa ban gani ba. Na fara zuwa wurin Malam kowace safiya da jerin kalmomi, ya ara mini ƙamus, ya ce kada in tambaye shi kalma sai na fara neman ta da kaina. A karon farko a rayuwata ina karanta Turanci don akwai masu jira su ji abin da ya faru.

Da muka kai inda ƙaton kifin ya haɗiyi ƙugiya ya fara jan jirgin dare da rana, tsohon ya ratsa igiyar ta bayansa ya sa buhu a kafaɗa don kada ta yanke shi, hannunsa na hagu ya ƙage ya ƙi buɗuwa, Kaka ya miƙo hannayensa cikin hasken fitilar. Tabon igiya ne layi-layi a tafin, wasu sun yi fari don tsufa. Ya ce, "Wanda yar rubuta wanga abu ya taɓa riƙon igiya." Aka yi gardama mai zafi a daren. Wani ya ce hauka ne, mutum ya yanke igiya ya tsira da ransa. Wani ya ce wanda giwan ruwa bai taɓa ja ba shi ke faɗin haka. Da na ce musu tsohon yana kiran kifin ɗan'uwansa alhali yana nufin kashe shi, na zaci za su yi dariya. Ba wanda ya yi. Kaka ya ce duk masuncin ƙwarai ya san wannan, abin da za ka ci da iyalinka ba ka raina shi.

Wani abu da na lura da shi a lokacin ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Jimlolin littafin gajeru ne, kalmomin kuma yawancinsu na yau da kullum ne, ruwa da hannu da rana da igiya. Mu kuwa mun tashi da imanin cewa gwanin Turanci shi ne wanda in ya yi magana ba a gane ba. Na kai wa Malam wannan, ya ce mutumin nan an ba shi lambar Nobel ta adabi a 1954, shekara biyu bayan fitowar littafin, da waɗannan ƙananan kalmomin da nake rainawa.

Ƙarshen labarin ya ɗauke mu dare biyu. Tsohon ya kashe kifin a rana ta uku, ya fi jirginsa tsawo, don haka ya ɗaure shi a gefe ya kamo hanya. Jinin ya jawo wasu miyagun kifayen teku masu cin nama. Ba mu da sunansu da Hausa, sai Kaka ya ce mu ɗauke su kamar tsage, amma manya. Suka yi ta yagar naman, yana yaƙar su da duk abin da ya rage masa, har ya iso gaɓa da ƙashi kawai, mai tsawon ƙafa goma sha takwas. Kaka ya ce in da shi ne, da ya yanki abin da jirgi zai iya ɗauka ya bar saura. Sannan na karanta inda yaron ya zo da safe ya tarar da tsohon yana barci, ya ga hannayensa, ya fashe da kuka, daga baya ya ce masa daga yanzu tare za su riƙa fita, ko me iyayensa za su ce.

Na rufe takardun. Don in nuna na san abin da nake yi, na ce a makaranta an gaya mana jigon littafin shi ne juriya, wato mutum kada ya karaya. Kaka ya girgiza kai.

"Juriya kowane masunci na da ita, in babu ita ba ya kwana biyu cikin ruwa. Wanga ba zancen kihi na ba. Zancen yaron na. Tsoho ya san ruwa, ya san iska, ya san inda kihi ka kwana. In yam mutu, wa ka ɗaukar wanga sani? Abin da ad damuwatai ke nan."

Bai dube ni ba da yake faɗa. Sauran dattawan ma ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce sun dube ni. Daren ban runtsa ba. Ranar Asabar kafin kiran assalatu na fito na tsaya a bakin zaure. Da ya fito ya gan ni, bai ce komai ba, ya miƙo mini ƙoƙon kwasar ruwa muka tafi.

A makon da ya biyo Malam ya ba mu tambaya kan dangantakar tsohon da yaron. Na rubuta shafi ɗaya da rabi. Na ce a ganina babban abin da tsohon ke tsoro ba yunwa ba ce, ya mutu ne ba magaji, na kawo wuraren da yake ta cewa ina ma yaron yana nan a lokacin da yake fama shi kaɗai a tsakiyar teku. Takardar ta dawo jajawur. Ya ƙirga kurakurai arba'in da ɗaya, a tsabtar rubutu ban sami ko rabin maki ba. Amma ya tsaya gaban aji ya karanta ta tun daga farko har ƙarshe, yana gyara kurakuran da bakinsa yana tafiya, sannan ya ce, "Wannan ba a cikin takardar kasuwa ya samo ta ba. Kuskure ina iya gyara shi. Wanda ba shi da abin faɗa ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Daga nan aka shiga aikin gaske, kuma ba shi da daɗi. Kowane insha'i sau uku nake rubuta shi. Na farko in zubar da abin da ke raina, na biyu in tsara shi sakin layi bayan sakin layi, kowane da magana ɗaya, na uku in bi shi da farautar kuskure. Ya sa na sayi ƙaramin littafi na musamman don kurakuraina, duk wanda ya maimaitu in rubuta shi da gyaransa. Da na tara su sai na ga ashe ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne ke ta dawowa. Ina musanya harafin p da f, don a kunnen Bahaushe sauti ɗaya ne. Ina fara labari a shuɗaɗɗen lokaci in zame zuwa na yanzu ban sani ba. Ina mance 'yan ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sawa gaban suna. Ga kuma rubutun kalmomi: mu a Hausa yadda ka furta haka za ka rubuta, su kuwa kalmar wuƙa da harafin k ta fara amma ba a furta shi. Mafi wuyar bari shi ne ɗauko Hausa kalma-kalma in sa mata rigar Turanci. Na taɓa fassara "mun sha wahala" da kalmar shan ruwa, da "cin kasuwa" da kalmar cin abinci. Malam ya ce ba laifi ba ne in yi tunani da Hausa, da ita Allah ya ba ni hankali. In na gama tunanin, in ajiye kalmomin in riƙe ma'anar, sannan in tambayi kaina yadda mai Turanci zai faɗe ta.

Taƙaitawa, wadda ke da maki talatin kuma ita ke kayar da mutane da yawa, da misalin aike ya koya mana ita. Ya ce in Inna ta aike ka gidan ƙanwarta ta yi maka bayani mai tsawo, ba duka kake maimaitawa ba, kana isa ka ce ta ce a ba ka turmi, kuma suna ranar Laraba ne. Adon harshe kuwa ya nuna mana mun riga mun san shi daga darasin Hausa, da kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, suna ne kawai ya bambanta. Wanda ya tashi yana jin kirarin masunta da zugar maroƙa, yana jin ana cewa gulbi ya yi fushi ko gulbi ya ci mutum, ba baƙo ba ne a wannan fage. Yakan tuna mana cewa a ƙasar nan tamu Malam Abdullahin Gwandu ya yi waƙoƙinsa, Nana Asma'u ta rubuta nata da Larabci da Fulatanci da Hausa, tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, don haka kada mu shiga ajin adabi kamar masu roƙo.

Ba komai ne ya buɗe mini ba. Wasan kwaikwayon Shakespeare da Turancinsa na shekara ɗari huɗu har na gama ban ji daɗinsa ba. Takardar furuci ma ta wahalar da mu ƙwarai, don ana tambayar mu a rubuce sautukan da ba mu taɓa jin wani ya furta su daidai ba.

Na zauna WAEC a 2014. A insha'i na zaɓi labari, na rubuta abin da na gani a ambaliyar damunar 2010, yadda ruwa ya shanye shinkafarmu ana saura makonni a yanka, muka riƙa bin gonar da jirgi. Da sakamako ya fito na sami C4 a adabi, a Turanci kuwa D7. Ba kiredit ke nan, kuma in babu kiredit a Turanci babu maganar gaba. A shekarar kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a Nijeriya suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, amma yawan abokan kuka bai rage mini zafi ba. Na yi kwana uku ban fita ba. Wani ɗan'uwa ya ba da shawara a tara kuɗi a yi mini rajista a irin wuraren nan da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Zuciyata ta karkata, ba zan ɓoye ba. Na je na gaya wa Malam, wanda a lokacin ya yi ritaya. Ya ce, "Saura ƙiris ka haye da ƙafarka, yanzu ne za ka ce a goya ka? Kawo mini rubutu duk Juma'a."

Haka na yi shekara guda. Asuba ina gulbi da Kaka, hantsi ina fadama da mahaifina, dare ina rubutu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci in sami Malam a zauren gidan da yake haya, ya duba da jan bironsa, bai taɓa karɓar ko sisi ba, sai dai in Kaka ya matsa in kai masa tarwaɗa. A 2015 na sake zama na sami C5. Na shiga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu, na haɗa Turanci da Hausa.

A wannan shekarar ta jira na buɗe wani littafin daban, na Hausa zalla, na fara rubuta abin da Kaka ke faɗa a jirgi: bambancin kurungu da ragon ruwa, inda yauni ke yin gida cikin ciyawa, yadda gaiwa ke shiga laka ta jira damina, yadda ake gane ruwa zai ƙaru daga launinsa. Tsarin da na koya don Turanci da shi na rubuta wannan, magana ɗaya a sakin layi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ya cika littafi uku. Da aka dawo da bikin kamun kifi a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, da homar Kaka da gorarsa na shiga Matan Fada, gulbin da ake yin bikin. Ɗalibaina suna bakin gaɓa suna kallo, kuma su ma duk zango ina tura su gida da shafi uku su ba wani babba labari.

Kaka bai ga wannan bikin ba. A damunar 2018 ciwo ya kwantar da shi. Wani dare ina zaune gefen gadonsa ina yi masa fifita, na zaci ya yi barci, sai ya buɗe ido ya ce, "Ɗan boko, wanga yaro na littahi, ya koma jirgin?"

Na ce, "Kaka, ba a nuna ba. Inda aka tsaya, tsohon yana barci, yaron yana zaune kusa da shi."

Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "Ya koma."

Ya mai da idonsa ya rufe. Na ci gaba da fifitar har aka kira assalatu.